Allon Tashar Gidan Oyanagi

Hatanaka Rokuro ya yi wa kamfanin bas na kwarinmu aiki shekara arba'in da shida, amma bai taɓa riƙe sitiyarin bas ba. Aikinsa allunan tasha ne. Daga tashar jirgin ƙasa ta Noguchi zuwa Okusawa, inda kwalta ta ƙare dutse ya tare hanya, wuraren tsayawa ashirin da uku ne. Kowanne da sandar ƙarfe a kafe cikin curin siminti, a samanta zagayayyen allo kamar faifai, ɗauke da sunan wurin da lambar hanya. Shi yake rubuta su, shi yake wanke su, shi yake tono su idan ƙanƙara ta binne su. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni nake gaya wa direba inda zai taka burki." Mutumin da na ci amanarsa ke nan, kuma gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya karanta wannan yana ganin kirkina.

An haife shi a 1930, shi ne na shida a ɗakinsu, gonar kuwa ko mutum uku ba ta isa. Yana shekara goma sha huɗu ubansa ya kai shi Noguchi wajen wani mai rubuta allunan shaguna. Ya ce shekara biyu ya yi yana wanke buroshi kafin a bar shi ya ja layi ɗaya. Da aka buɗe hanyar bas a 1956, kamfani ya nemi mai rubutu, ya je, bai kuma sake neman wani aiki ba. Ko da ya cika sittin aka sallame shi a takarda, washegari aka gan shi a bakin hanya da gwangwanin fenti. Manaja ya ƙyale shi, don ya san ba wanda zai karɓi aikin.

Kafin bas, mutanen Okusawa awa biyar suke yi a ƙasa da buhun gawayi a baya kafin su kai Noguchi. Kamfani ya ce zai turo mota in an faɗaɗa hanya. Kowane gida ya ba da mutum aka yi ta jidar tsakuwa, amma inda bas zai raɓe ya tsaya sai da fili, fili kuwa a kwarin nan gonar shinkafa ce. Sai aka yi magana ɗaya: duk wanda ya yanki gonarsa ya bayar, sunan gidansa za a sa wa tashar. Shi ya sa namu tashoshin suke Gaban Gidan Konno, Gaban Gidan Shibuya, Gaban Gidan Oyanagi. 'Yan Tokyo in sun zo yawon buɗe ido suna tsayawa su ɗauki hoto suna dariya. Mu a wurinmu ba abin dariya ba ne. Kakata in tana yabon dangin wani, cewa take yi, "Ai gidansu da tasha."

Rokuro yana da tasa hanyar. Ba ya rubuta sunan gida da salon rubutunsa. Sai ya shiga gidan, ya zauna, ya sha shayi, ya miƙa wa maigidan takarda ya ce ya rubuta sunansa yadda ya saba. Wannan rubutun yake kwaikwaya ya ƙara masa girma, ko mai kyau ne ko kamar tafiyar kaza. Na farkon duka birni aka kai su aka gasa musu tangaran irin na kwanon sha, fari da shuɗin baki. Da shekaru suka ja, motar kwashe ƙanƙara ta fasa wasu, tsatsa ta cinye wasu, ya riƙa maye su da na kwano yana shafa fenti. Guda ɗaya tak ya rage daga na farko, na Gidan Oyanagi, tasha ta goma sha tara. Dalili kuwa Toki, tsohuwar gidan. Duk shekara kafin ƙanƙara ta sauka takan saƙa masa hula da karan shinkafa, kamar yadda ake yi wa itatuwan lambu. Rubutun da ke jiki na mijinta ne, wanda icce ya faɗo wa a daji shekara biyar da buɗe hanya.

Gajere ne, Rokuro, ga baki. Shi da direbobin motar ƙanƙara kullum faɗa, har sunaye ya raɗa musu. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne. "Allo yana fashewa," in ji shi, "amma ba ya ɓata a hannuna." Kuma gaskiyarsa. Duk wanda ya fashe yana jingine a rumfarsa ta aiki. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya tafi da na Gidan Konno har da simintinsa. Kwana uku Rokuro yana bin gaɓar kogi da sanda, sai da ya zaƙulo shi daga cikin laka. Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun san wannan labari. In aka ba mutum ajiya a kwarinmu, akan ce masa, "Riƙon Rokuro fa."

Ni sunana Tsuchida, malamin tarihi ne a makarantar Noguchi, kuma ina da cuta: tara tsofaffin allunan tasha. Duk inda na ji an kashe wata hanyar ƙauye a jihar Yamagata ko maƙwabta, ina can wajen 'yan gwangwan. Na tara sun fi sittin a ɗakin sama, matata ta ce gidan warin tsatsa yake. Da na fara rubuta ɗan littafi kan tarihin hanyarmu, sai na mai da rumfar Rokuro wurin zuwana duk Asabar. Da motata nake zuwa. Ni mai rubuta tarihin bas na fi shekara goma sha biyar ban hau shi ba, kuma Rokuro bai taɓa barin wannan ta wuce ba.

"Ga Mai Littafi nan," yakan ce tun daga nesa. "Ka zo ta'aziyyar bas ɗin da kuka kashe?"

"Haba, Rokuro-san, ni kaɗai na sayi mota?"

"Ai kowa haka yake cewa. Zauna, kada ka taɓa wancan, bai bushe ba."

Bai ɓoye mini komai ba. Shi ya gaya mini lokacin da bas goma sha ɗaya suke hawa a rana, kwandasta mace tana tsaye a ƙofa tana kiran sunayen gidaje, masu gida suna jin daɗi. Shi ya gaya mini yadda aka koma bakwai, aka koma uku, wani lokacin direba shi kaɗai yake hawa ya sauko. Har yadda ake kwance tsohon allo ba tare da an fasa tangaran ba ya koya mini: a ɗiga mai a kan noti, a jira gwargwadon shan taba ɗaya, a ƙwanƙwasa sau uku, sannan a sa sifana. In an gama a mai da notin kan ƙusarsa a ajiye bisa siminti, don kada mai zuwa ya yi ta nema.

A farkon 2002 kamfani ya ce ƙarshen Maris zai rufe hanyar. Dattawan kwari suka zauna suka yanke cewa kowane allo a mai da shi gidan da sunansa ke jiki, tunda su suka ba da gona. Za a taru a zauren gari, Rokuro ya miƙa da hannunsa, ni kuma a matsayina na malami in karanta sunaye. Na amsa da murna, amma zuciyata tana kan allo ɗaya. A cikin sittin ɗina babu mai tangaran ko ɗaya.

"Rokuro-san," na ce masa wata Asabar, "na Oyanagi ɗin nan, ina za shi?"

"Gidan Oyanagi mana. Ina kake so ya je, Tokyo?"

"Ai can ɗin ma ba zai kai ba. Toki-san ta haura tamanin. Ranar da ba ta, ɗanta zai zo ya kwashe gidan a kwana biyu, allon ya tafi bola. Ni kuwa adana shi zan yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sunanka Oyanagi?"

"A'a, amma dai..."

"Ubanka ya yanki gona?"

Na kau da kai ina kallon allunan da ke jingine.

"To sha shayinka, Mai Littafi, yana hucewa."

Bas na ƙarshe ya hau da yamma a cike maƙil, rabonsa da cika haka an manta. Aka ba direba furanni, tsofaffi suna ɗaga masa tawul a bakin hanya, wasu suna kuka. Har ni na hau. Washegari da safe Rokuro ya ɗauki 'yar motarsa ta kaya ya fara kwance alluna daga ƙasan kwari, don a taru da azahar. Na san daga ƙasa zai fara, kuma na san ba ya gaggawa. Na iske shi a tasha ta uku yana jiran mai ya jiƙa noti, na danna masa hon, na ɗaga hannu, na wuce.

Ba zan ce hankalina ya gushe ba. Tun a gida na sa gwangwanin mai da sifana a mota. Gidan Toki yana can sama da hanya, hayaƙi yana fita ta rufi, ba kowa a waje. Hular karan tana nan a kan allon. Na cire ta, na ɗiga mai, na jira, na ƙwanƙwasa sau uku. Noti ya juya ba gardama. Na naɗe allon a bargo na sa a but, ina gaya wa kaina ceto na yi. Da zan sauka na sake wuce Rokuro a tasha ta bakwai, ya ɗaga mini sifana.

Zauren ya cika. An jera alluna a gaba, kowanne an goge shi tas. Rokuro ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, wadda ta yi masa yawa. Na fara karantawa, ana fitowa gida gida, ya miƙa da hannu biyu, su karɓa da hannu biyu, a tafa. Na tashoshin da ba na gida ba aka ce a rataye su a zauren. Ina karantawa ina ƙirga saura nawa. Na yi zaton zai sanar tun farko cewa an sace ɗaya, a yi ta zagin ɓarayin birni a wuce wurin. Bai sanar ba. Ya bar ni na kai goma sha tara.

"Gaban Gidan Oyanagi," na ce.

Toki ta sa kimononta, rigar gargajiya ta fita unguwa, har gyaran gashi ta je. Ta jawo jiki a kan gwiwa zuwa gaba, riƙe da wani ƙyalle da ta zo da shi don naɗe allon. Sai Rokuro ya ture matashin da yake zaune a kai, ya kafa tafukansa a tabarma, ya kai goshinsa ƙasa.

"Toki-san, allonki ya ɓata a hannuna. Ba ni da abin cewa."

Can wani ya ce ai 'yan birnin nan ne masu tara kayan da. Rokuro bai ɗago ba ya ce, "Kada a ɗora wa baƙo. Ni aka ba riƙo." Daga bayana na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa tsufa ne, ƙila daga motarsa ya faɗo bai sani ba.

"Haba, Rokuro-san, ɗago kanka," in ji Toki. "Ƙarfe ne fa. Ɗago, kana sa ni jin nauyi."

Ta faɗi haka, amma ina kallon hannunta tana ninke ƙyallen nan, ta buɗe, ta sake ninkewa. Dattijo mai shekara saba'in da biyu yana kife a ƙasa saboda ni, motata kuwa tana bakin ƙofa, taku ashirin bai kai ba. Makullin yana aljihuna. Iyayen ɗalibaina suna zaune jere a gabana, shugaban makarantarmu yana gefe. Kunya ta rufe ni, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Na duba takarda na karanta tasha ta ashirin.

Kwana tara allon yana cikin but. Na kasa hawa da shi ɗakin sama, na kasa ko buɗe bargon. Abin da na yi shekaru ina kwaɗayi ya zame mini kamar gawa a mota. A rana ta goma na kai shi rumfar Rokuro. Na same shi yana wanke buroshi, ko da yake babu sauran abin da zai rubuta. Na ajiye a kan tebur na buɗe, na sunkuyar da kai. Ko kallon allon bai yi ba.

"Na ga notin," ya ce.

"Rokuro-san..."

"Ɓarawon birni da zarto yake zuwa, ya yanke ya gudu. Wannan ya mai da noti kan ƙusa ya ajiye bisa siminti. Mutum biyu ne suka iya haka a kwarin nan, ɗaya kuwa yana tasha ta bakwai a lokacin."

Ban ma san na yi haka ba. Hannuna ne ya yi abin da aka koya masa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" na ce.

"In faɗa a gaban iyayen yaran da kake koyarwa? Wa zai sake turo maka ɗansa? Na dai bar ka ka kira sunan da bakinka, na ce ko za ka tashi." Ya matse buroshin da tsumma. "Ba ka tashi ba."

Na ce ya yafe mini. Na ce zan yi duk abin da ya ce.

"Ni me zan ce? Allon ba nawa ba ne, kai mata. Sauran kuma kana da baki."

Tun daga Noguchi nake bitar abin da zan faɗa. Toki-san, ni na ɗauka, Rokuro-san ba shi da laifi, ranar taro mai zuwa zan tashi in faɗa wa kowa. Magana uku ce, na maimaita ta ya fi sau hamsin. Na hau tudun gidanta da allon a hammata, na yi sallama a ƙofa, ta zuge. Kafin in buɗe baki idonta ya sauka a kan shuɗin bakin da ya leƙo daga bargo.

"Ka tsinto shi!" ta ce. "Malam, ka tsinto shi! A ina? A ƙarƙashin kwalbati, ko? Ai na faɗa, daga motarsa ya faɗo. Shigo, shigo, kada ka tsaya a sanyi."

Ta karɓa ta rungume, tana bin rubutun da yatsa. Ta kai shi gaban hoton mijinta ta jingine, ta kunna turare, ta ce, "Maigida, ga sunanka ya dawo. Malam ne ya wahala ya nemo." Sannan ta juyo ta sunkuya mini har ƙasa. Ta kawo shayi, ta kawo busasshiyar kanya, ta ƙulle wata a takarda ta ce in kai wa matata. Ina zaune maganar nan uku tana bakina, ina jiran ta numfasa in sa baki. Ta numfasa sau da yawa.

"Rokuro-san ya tsufa, Malam," ta ce tana zuba mini shayi na biyu. "Kada ka ga laifinsa, ka ji? Kowa ƙarfinsa yana ƙarewa."

Na ce, "Haka ne."

Na karɓi kanyar, na yi godiya, na sauko.

Kafin sati ya zagayo duk kwari ya ji. Labarin ya yi ta ƙaruwa a baki, wai kwana tara na yi ina bin magudanar ruwa da sanda. Shugaban makaranta ya yaba mini a gaban ɗalibai. Duk wanda ya tare ni sai in ce ai ba komai, su kuma su ce ka ji malam da tawali'u. Taron gari ya zo, na je, na zauna, aka tashi ban ce uffan ba. Na wata mai zuwa ma haka.

Na daina bi ta rumfar Rokuro, amma kwari ƙarami ne. Wata safiya muka yi kiciɓis a ƙofar kantin manoma, mutane cike. Na tsaya a gabansa. Da ya zage ni a wurin, da na gode masa.

"Na ji labari," ya ce. "A ƙarƙashin kwalbati aka ce, ko?"

Ya jira ni sosai, yana kallona, mutane suna kallonmu suna murmushi. Da ya ga ba abin da zai fito, sai ya cire hularsa ya sunkuya, irin sunkuyon da ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"An gode da ɗawainiya, Malam Tsuchida."

Shekara uku ya ƙara a duniya. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, don ita ma ranar jana'izarsa sai da ta riƙe hannuna ta gode mini. Toki ta rasu bayansa da shekara biyu, ɗanta kuma bai kai allon bola ba, yana rataye a falonsa a Tokyo. Ni na yi ritaya da mutuncina, har yanzu in na shiga zaure ana matsa mini wuri a gaba. Rokuro kuwa, in aka ambaci sunansa a kwarin nan yau, sai wani ya ɗan yi tunani ya ce, "Af, wannan tsohon da ya ɓatar da allon Toki."